Tarihin Tururuwa da Furen Hatsi a Ƙasar Tasawa da Mayahi



In an ce tarihi, sai hankalinka ya tafi ga sarakuna da dawaki da bindiga. Ka ji labarin Katsinawa da suka baro birninsu a zamanin jihadi, wasu suka zauna Maraɗi, wasu Tasawa. Ka ji labarin Nasara biyu, Vule da Shanwan, waɗanda suka zo da wuta daga yamma a shekarar 1899, ajalinsu ya same su kusa da Maijirgi. Wannan duk tarihi ne.

Yau ga wani tarihin. A cikin gonarka aka yi shi, kuma har yanzu ana yi. Masu yaƙin ƙanana ne, wasu sai ka durƙusa za ka gan su. Amma abin da suke yaƙi a kai babba ne, don kuwa shi ne tuwon gidanka. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. To, gyara zama ka karanta.

Yadda fure ke zama abinci

Kowane ƙwayar hatsi da ka ci, fure ne tun farko. Kowane kwanson wake ma haka. In fure ya lalace, ba ƙwaya, ko da ruwa ya yi kyau, ko da kara ya fi ka tsawo.

Dubi zangarniyar hatsi ran da ta fito. Da farko za ka ga wasu fararen zare ƙanana sun leƙo, daga sama suna yin ƙasa. Waɗannan su ne ɓangaren mace na fure. Bayan kwana biyu ko uku sai bununi ya fito, garin nan da ke ɓata maka riga in ka ratsa gona da safe. Shi ne ɓangaren namiji. Iska ke ɗaukar bununin wannan zangarniya ta kai wa farin zaren waccan. In sun haɗu, ƙwaya ta kama. Zangarniya ɗaya mai kyau tana iya ɗaukar fure fiye da 1000.

Wake shi yawanci furensa yana gama aikinsa a cikinsa, tun bai buɗe sosai ba. Kabewa da duma da guna kuwa dabam suke. Furen namiji yana gefe, furen mace yana gefe. Sai zuma ko wani ƙwaro ya shiga wannan ya fita, ya shiga wancan, kana a sami ɗa. Riɗi ma yana ƙara yabanya in zuma na zuwa wurinsa.

Ashe kwanakin fure su ne kwanakin da amfanin gona ya fi rauni. Ƙwari sun san haka.

Masu cin fure da masu gadinsa

Ka san hangara. Tana sauka kan zangarniya ta cinye bununi da fure, ta bar kan hatsi fayau. In ka murƙushe ta a jikinka, wurin ya yi bororo. Akwai kuma wani ƙaramin ƙwaro mai ruwan ƙasa da ke zuwa da dare, shi ma fure yake ci. Tun zamanin kakanni manoma suna hura wuta a bakin gona da dare, suna turara hayaƙi saboda irin waɗannan.

A wake, tsinki fure ɗaya ka kaɗa shi a tafin hannunka. Za ka ga wasu baƙaƙen ƙwari sirara suna gudu. Su ke sa fure ya zube ƙasa tun bai yi kwanso ba. Akwai kuma tsutsar da ke shiga furen wake ta cinye cikinsa, daga nan ta wuce cikin kwanso.

To, ina tururuwa a cikin wannan magana? Tururuwa da danginta iri-iri ne, kowa da sana'arsa. Tururuwa mai jerin gwano ƙwaya take kwasa, ta kai rami ta ajiye. Cinnaka da kwarkwasa mafarauta ne. Kiyashi kuwa ba ya wuce zaƙi.

Ga abin mamaki. Je ka dubi sandar furen wake da sassafe. Tsakanin fure da fure akwai wani ɗan ƙulli, yana tsatso ruwa mai zaƙi. Juya ganyen yakuwa ko na rama ko na auduga, ka dubi gindin jijiyar tsakiya, nan ma akwai ɗan wurin da ruwan zaƙi ke fita. Wannan zaƙi ba cikin fure yake ba, a waje yake, a kan hanyar cinnaka da kiyashi. Suna hawa su sha. Garin hawa da sauka, in sun tarar da ƙwan wani ƙwaro ko ƴar tsutsa, sau da yawa sai su ɗauke. Kamar mai gida ne yake ba mai gadi fura don ya kwana a ƙofa.

Amma mai gadin nan yana da kwaɗayi. Ƙwarin darɓa, masu tsotson ruwan wake da gujiya, su ma suna fitar da ruwa mai zaƙi daga jikinsu. Shi ne danƙon da kake ji a ganye. Kiyashi da cinnaka suna lasar wannan ruwa, suna kuma korar ƙwarin da ke cin darɓa. Nan mai gadi ya zama abokin ɓarawo. Riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa.

Zamanin daji da saura

Da can ƙasar nan ba haka take ba. Arewacin Tasawa da Mayahi daji ne mai yawa, ƙauyuka nesa da juna. Gulbin Kaba cike yake da goruba. Mutum ya sari daji ya noma shekara kaɗan, in ƙasa ta gaji ya bar ta saura, ya matsa gaba. Saura kuwa gida ce ga ciyawa da sabara da kalgo. Gida ce ga zuma da zanzaro da gizo-gizo da tsuntsaye da cinnaka. Gona ba ta nisa da masu gadinta.

Sarakuna ma sun san darajar itace. A Damagaram, Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya kafa doka mai tsanani a kan saran gawo. Gawo yana zubar da ganye da damina, ba ya hana hatsi rana. Yana fure a ƙarshen damina, lokacin da sauran furanni suka fara ƙarewa, zuma ta sami wurin zuwa. Da rani dabbobi su ci ƴaƴansa, su kai irinsa gona cikin kashinsu.

Kada ka ce zamanin nan ba wahala. An yi yunwar Kakalaba a 1913 da 1914, mutane da yawa suka mutu a ƙasar Hausa. A irin waɗannan shekaru mata kan ɗauki ƙwarya da fartanya su tafi tonon gidan tururuwa, su kwashe ƙwayar ciyawa da ta hatsi da ta ɓoye, su sheƙe, su daka wa yara. Ko a yunwar 2005 an ga haka a wasu ƙauyukan Nijar. Tururuwar da ke satar iri ran shuka, ita ce rumbun ƙarshe na talaka ran yunwa.

Zamanin gujiya da annobar 1975

Da Nasara suka zauna, suka sa haraji na kuɗi. Kuɗi kuwa sai an sayar da wani abu. Aka shiga noman gujiya, wadda wasu ke ce wa gyaɗa. Tasawa ce ta fara zama mazaunin kwamandan wannan yanki, har 1927 aka mai da mazaunin Maraɗi. Kasuwar gujiya ta bunƙasa, manyan motoci suna kwasa suna yin kudu. Bayan samun mulkin kai, a 1962, gwamnati ta kafa kamfanin SONARA don sayen gujiya. A shekarun nan gujiya ce babbar hajar da Nijar ke sayarwa waje, kafin uraniyom ya karɓi wurin.

Gujiya ta kawo kuɗi, ta kawo keke da rediyo da kwanon rufi. Ta kuma ci daji. Jama'a tana ƙaruwa, gonaki suna faɗi, saura tana raguwa. An koya wa manomi cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share tas, ba kututture ba tsiro.

A daminar 1975 ƙwarin darɓa suka sauko wa gujiya da yawan da tsofaffi ba su saba gani ba. Tsotsonsu kaɗai ba shi ne babbar ɓarnar ba. A bakinsu suke ɗauke da wata cuta, daga wannan gindi zuwa wancan. Gindin da ya kamu sai ya tsuke, ganye ya murɗe ya yi rawaya, fure ya gaza, ƙasa ba kwanso. Manoma suna ce mata kuturta. A arewacin Nijeriya kaɗai ta lalata gujiyar kusan hekta 700,000. Ta ratsa jihar Maraɗi da ta Damagaram. Gujiya ba ta sake komawa matsayinta na da ba, dalar gyaɗa ta Kano ma ta zama labari.

Manoman Tasawa da Mayahi suka juya ga wake. Yau Nijar tana cikin manyan ƙasashen da suka fi noman wake a duniya. Amma darɓar da ta kashe gujiya ita ce dai darɓar wake, kuma kiyashi yana nan yana kiwonta. Shi ya sa in ka ga kiyashi na hawa da sauka da yawa a kan ƙaramin wake, kada ka wuce. Juya ganye ka duba.

Farin 1973 da zuwan murzuna

Kafin annobar gujiya, an sha fari. Ruwa ya yi ta raguwa tun 1968, abin ya kai maƙura a 1973. Dabbobi suka mutu, rumbuna suka bushe. A watan Afrilu 1974 soja suka karɓi mulki, Seyni Kunce ya hau.

Da ruwa ya fara dawowa, manoma suka ga wani sabon abu. Hatsi ya yi kyau, zangarniya ta fito, sai ga wata hanya a jikinta tana murɗawa kamar igiya, farin ƙaiƙayi yana zuba. A cikin hanyar akwai tsutsa. Ita ce murzuna. Ba baƙuwa ba ce a ƙasar, don masana sun rubuta sunanta tun 1925. Amma ba ta zama annoba ba sai bayan farin 1972 zuwa 1974, daga Senegal har Cadi.

Ga yadda take rayuwa. Uwarta wata ƴar malam-buɗe-littafi ce mai tashi da dare. Tana fitowa daga ƙasa kamar wata ɗaya bayan ruwan shuka. Tana neman zangarniyar da ta fara leƙowa, ta zuba ƙwai a kai. Uwa ɗaya tana iya yin ƙwai ɗaruruwa. Cikin kwana 3 zuwa 5 su ƙyanƙyashe. Ƴar tsutsa ta fara da cin fure. In ta girma sai ta riƙa yanke ƴan sandunan da ke riƙe da fure, tana zagaya zangarniya. Duk inda ta bi ba ƙwaya. Bayan kamar wata ɗaya ta ƙoshi, ta sauko ƙasa, ta shige cikin rairayi, ta naɗe kanta. Nan za ta kwanta duk rani, tana jiran damina mai zuwa. A shekara mai muni, gonar da ta kamu sosai tana iya rasa fiye da rabin hatsinta.

Me ya sa ta yi ƙarfi bayan fari? Masana suna ganin dalili biyu. Na ɗaya, fari ya rage ciyawa da itatuwa, ya rage ƙwarin da ke cin ta. Na biyu, damina ta gajarta, mutane suka rage shuka maiwa da hatsi mai nauyi, suka koma ga mai saurin nuna. Shi kuwa hatsi mai sauri yakan fitar da kai daidai lokacin da uwar murzuna ke yawo. Maiwa tana fitar da kai a makare, sau da yawa ta tsira.

Lura da wuri ɗaya a rayuwar murzuna. Ran da ta sauko daga zangarniya za ta shiga ƙasa, ba ta da mafaka. Nan cinnaka ke tare ta, su taru su ja ta zuwa raminsu. Tsuntsaye ma suna tsince ta. Kowace tsutsa da aka kama a ranar, uwa ɗaya ce ta ragu a damina mai zuwa.

Zamanin feshi

A 1975 gwamnati ta kafa ma'aikatar binciken noma ta ƙasa, INRAN. Tana da babbar tasha a Tarna, kusa da Maraɗi. Malamanta suka shiga nazarin murzuna da sauran ƙwari.

Sai kuma 1984 ta zo da wani farin. Mutanen jihar Maraɗi suna kiran yunwar shekarar El Buhari, don a lokacin ne shugaban Nijeriya ya rufe iyaka, hatsi ya daina shigowa. Daga 1986 zuwa 1989 fara ta yi yawa, ta gida da ta dango. Jiragen sama suka yi ta feshi. A ƙauyuka aka koya wa samari aiki da famfo da garin magani.

Feshi ya ceci gonaki da yawa daga fara, wannan gaskiya ne. Amma magani ba ya tambayar sunan ƙwaro. Yana kashe fara, ya kashe zuma, ya kashe zanzaro da cinnaka. Murzuna kuwa tana ɓoye cikin zangarniya, magani ba ya isa gare ta sosai. Ga shi da tsada, kuɗin hatsin ba ya biyan kuɗin maganin. Masana suka gane cewa sai an nemi wata hanya.

Sassaben zamani

A watan Mayu 1984 aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi a kan yaƙi da hamada. Kafin nan an yi shekaru ana dasa itatuwa daga gandun reno, mafi yawa suna mutuwa.

A 1983 wani malamin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a jihar Maraɗi, ya tsaya ya dubi tsiron da ke fitowa a gonaki kowace shekara ana sarewa. Ya ga ashe ba ciyawa ba ne. Kututturen itatuwan da aka sare ne, saiwarsu tana da rai a ƙasa. In ka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi ka bari, ka sare sauran, cikin shekara kaɗan ka sami itace. Tsofaffin manoma sun san wannan tun da, an dai bar shi ne. A yunwar 1984 aka haɗa wannan aiki da rabon abinci a ƙauyuka da yawa. Da yunwa ta wuce, mutane da dama suka sare nasu. Wasu suka bari. Da maƙwabta suka ga masu bari suna samun itacen wuta da abincin dabbobi, hatsinsu kuma bai ragu ba, sai suka bi. Gani ya kori ji.

Wannan shi ne sassaben zamani. Daga gona zuwa gona ya bazu, ya ratsa Agye da Tasawa da Mayahi har ƙasar Damagaram. Bayan shekara 20 da ɗoriya, masana suka gwada hotunan sama na da da na yanzu. Suka ƙiyasta an farfaɗo da gonaki kusan hekta miliyan 5 a Nijar, da itatuwa kusan miliyan 200. A watan Yuli 2020 gwamnati ta fitar da doka da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya rena a gonarsa.

Me ya haɗa wannan da fure? Itace gida ne. A gindin sabara da kalgo ƙasa tana da sanyi da ganye, cinnaka suna yin rami. A rassan gawo tsuntsaye suna sauka. Furen gawo da na magarya da na aduwa suna ciyar da zuma da ƙananan zanzaro a lokacin da gona ba ta da fure. A ƙasar Senegal, yankin Bambey, masu bincike sun rufe wasu zangarniyoyi da raga, suka bar wasu a buɗe, don su ga aikin maƙiyan murzuna. Suka tarar maƙiyan suna kashe ta da yawa, kuma aikinsu ya fi ƙarfi a inda itatuwa suka fi yawa. Gaskiya ne akwai tsuntsu mai cin hatsi. Amma akwai mai cin tsutsa, shi ma a itace yake kwana.

Ɗan buhun mayaƙi

Cikin maƙiyan murzuna akwai wani ɗan zanzaro, bai kai ƙuda girma ba. Masana suna ce masa Habrobracon hebetor. Mu kira shi mayaƙi, don sunan ya dace da shi. Ba ya harbin mutum, ba ya cin hatsi. Macen ce ke aiki. Tana bin hanyar murzuna a zangarniya, ta harbe ta, tsutsar ta sandare. Sai ta zuba ƙwanta a jikinta. Ƴaƴan su ƙyanƙyashe su tsotse tsutsar. Cikin kamar kwana 10 sababbin mayaƙa sun tashi, su ma su shiga farauta.

Mayaƙi ɗan ƙasa ne, ba daga waje aka kawo shi ba. Da rani yana samun abinci a rumbuna, wurin tsutsar da ke cin hatsin ajiya. Matsalarsa ɗaya: kafin ya yi yawa a gona, murzuna ta riga ta gama ɓarna. Sai masana suka ce, to, mu yi kiwonsa, mu sake shi da wuri.

An fara gwada haka a Senegal tun shekarun 1980. A 2006 aka soma babban aiki a Nijar da Mali da Burkina Faso, da taimakon wata gidauniya ta Amurka mai suna McKnight. A Nijar, Ibrahim Bawa, masanin ƙwari na INRAN a Maraɗi, yana cikin jagororin aikin. Daga baya ya koma koyarwa a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi.

Dabarar ba wuya. Ana samun ɗan ƙaramin buhu wanda iska ke ratsawa. A zuba hatsi da gari kaɗan. A sa tsutsar rumbu 25. A sa macen mayaƙi 2. A ɗaure baki. Idan hatsi ya fara fitar da kai, a rataya buhunan a gari ko a bakin gonaki. Bayan kamar kwana 8 mayaƙa su fara fita ta ramukan saƙar, su ci gaba da fita har mako biyu ko uku. Buhu 15 suna isar gari ɗaya, mayaƙan su bazu kamar kilomita 5 ta kowane gefe, suna hayayyafa a kan murzunar da suka kashe. A gwajin da aka yi a Nijar, hatsin garuruwan da aka saki mayaƙi ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku. Wato mai samun dami 3 ya sami 4. Daga baya aka koya wa ƙungiyoyin manoma, maza da mata, yadda za su yi kiwon mayaƙi da kansu su sayar.

Ga cinnaka ya sake shigowa labari. Shi bai san tsutsar gona da tsutsar buhu ba, duk nama ne a wurinsa. In ya sami hanya ya shiga buhun, ya cinye tsutsar, aikin ya lalace. Don haka ake rataya buhu inda ruwan sama ba ya dukansa, inda cinnaka da kiyashi ba sa isa.

Abu ɗaya kuma. Mayaƙi bai san iyakar gona ba. Wanda ya sayi buhu da wanda bai saya ba duk suna amfana. Haka nan in mutum ɗaya ya yi feshi a lokacin, ya kashe na kowa. Aikin gari ne, sai an zauna gaban mai gari an yi shawara.

Ba mu kaɗai ba

Manoman wasu ƙasashe sun daɗe da sanin amfanin waɗannan ƙananan halittu. A ƙasar Sin, wani littafi da aka rubuta a shekara ta 304 ya ba da labarin manoman lemo da ke sayen gidan wani jan cinnaka a kasuwa, su rataya a itatuwansu don ya kashe musu ƙwari. A Yaman, masu dabino suna ɗauko cinnaka daga duwatsu su sa a dabinonsu, an rubuta wannan tun 1775. A Benin, masu bincike sun nuna cewa mangwaron da jan cinnaka mai ɗinka ganye ke zaune a kansa ya fi tsira daga ƙudan da ke sa masa tsutsa. A arewacin Kamaru, Mofawa na duwatsun Mandara suna ɗauko kwarkwasa su kai gida, ta kore musu gara. Kai ma ka san a cikin Alƙur'ani mai girma akwai sura mai sunan tururuwa, akwai mai sunan zuma.

Abin da za ka yi a gonarka

1. In hatsi ya fara fitar da kai, riƙa zagaya gona kowane kwana biyu ko uku. In ka ga hanyar murzuna, gaya wa malamin gona da ƙungiyar garinku da wuri.

2. Tun kafin damina ku tambayi inda ake samun buhun mayaƙi. Ku haɗa kuɗi gari ɗaya.

3. Inda aka rataya buhu, kada kowa ya yi feshi a gonakin hatsi.

4. In kiyashi ya yi yawa a kan wake, juya ganye. In darɓa ce a gindi kaɗan, tuge su ka binne tun ba ta bazu ba.

5. In dole ne ka fesa wa wake magani lokacin fure, fara da ruwan ƴaƴan bedi, wato dogon yaro. Yi feshin da yamma, bayan zuma ta koma gida.

6. Ran sassabe, kada ka share gona tas. Bar gawo da kalgo da sabara da magarya, ka gyara musu rassa.

7. Kada ka zuba guba a kowane ramin da ka gani. Tsaya ka dubi abin da masu ramin ke ɗauke da shi. In iri ne, ka tsare shukarka. In tsutsa ce, ka bar su, ma'aikatanka ne.

Ɗan'uwa, kakanka ya ga daji, mahaifinka ya ga gujiya da fari, kai ka ga itatuwa suna dawowa. Abin da ɗanka zai gani yana hannunka ran sassabe da ran feshi. Karanta wa maƙwabcin gonarka wannan labari, don ƙwari ba sa tsayawa a kan iyaka. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya cika rumbuna. Amin.